Duk wadda ta sa farar riga a bidiyo likita ce?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata magana da ta tsaya mini a rai, na ga gara in kawo ta nan mu tattauna, ko wata za ta tsira daga abin da na faɗa ciki.

Wata huɗu da suka wuce na fara ganin ruwa yana fito mini ta gaba, tsinkakke, mai ƙarni, ga ɗan ƙaiƙayi. Kunya ta hana ni gaya wa kowa, har maigidan. Sai da dare ya raba, yara sun yi barci, na ja bargo na ɗauki waya na rubuta abin da nake ji. Shafin farko ya ce ciwon sanyi ne. Na biyu ya jero alamomin sankarar bakin mahaifa, na ga biyu daga ciki sun yi daidai da nawa, gabana ya faɗi, ranar ban runtsa ba. Washegari na ci karo da bidiyon wata mata sanye da farar riga, ta rataya abin sauraren ƙirji a wuya, tana magana cikin natsuwa kamar ta san ni. Ta ce datti ne ya taru a mahaifa, kuma duk macen da ta haihu sai ta wanke. A ƙasan bidiyon ga lambar waya, ga sharhi ba iyaka, kowa na sa mata albarka. Na saya. Mako shida ina wanke ciki da ruwan maganin safe da yamma kamar yadda ta ce. Ƙarnin ya ƙaru, raɗaɗi ya shigo. Da na yi mata magana sai ta ce ai dattin ne yake fita, in ƙara kwalba biyu.

Da abin ya ishe ni na je asibiti. Aka ɗebi ruwan da ɗan tsinke mai auduga aka gwada, likita ta rubuta mini ƙwaya ta kwana bakwai, ta ce in daina zuba komai a ciki. Kafin mako ya zagayo na warke. Yanzu abin da nake tambaya, don Allah, ta yaya mace za ta gane bayanin gaskiya a intanet? Ba za mu daina dubawa ba, kowa ta san wannan. Akwai abin da bakinki ba zai iya furtawa a gaban mutum ba, amma yatsa zai rubuta.

Anti Ungozoma:
Wa alaikumus salam. Sannu Maman Biyu, Allah ya ƙara lafiya. Shekara 24 ina aikin ungozoma, kuma ba a mako ban ga mai irin labarinki ba.

Bari in fara da ƙaryar da aka yi miki. Mahaifa ba randa ba ce da datti zai kwanta a gindinta. Shimfiɗar cikinta tana zubewa duk wata, shi ne jinin al'ada, sabuwa ta sake tofowa. Gaban mace kuwa da kansa yake tsaftace kansa. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da suke zaune a ciki, ana kiransu Lactobacillus, su suke sa wurin ya zama da ɗan tsami, tsakanin 3.8 zuwa 4.5 a ma'aunin pH, kuma tsamin nan ne yake hana miyagun ƙwayoyi yin yawa. Duk lokacin da kika tura sabulu ko ruwan magani ciki, masu gadin gidan kika kora. Shi ya sa naki ya ƙaru. A wanke waje da ruwa, shi ke nan.

Sannan abin da muke haɗawa mu kira "sanyi" ba ciwo ɗaya ba ne. Akwai na fungas, ruwansa fari ne mai kauri, ƙaiƙayinsa kamar ki cire wurin, amma galibi ba wari. Akwai irin naki, na rikicewar waɗancan ƙwayoyin, ruwan tsinkakke ne mai ƙarni. Akwai kuma wanda ake ɗauka ta saduwa, wanda idan ba a yi wa miji magani tare da matar ba, zai dawo mata. Kowanne da maganinsa. Mai na fungas idan ta sha antibayotik ba abin da zai yi mata, sau da yawa ma shi yake tayar da shi. To ki gaya mini, wadda ba ta gan ki ba, ba ta gwada ruwan ba, ta yaya ta san wanne ne naki? Duk mai kwalba ɗaya da ke maganin sanyi da ƙarin mahaifa da rashin haihuwa da ciwon mara a lokaci guda, ki rufe shafinta ki wuce.

Malama:
Anti Allah ya saka da alheri. Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, koyarwa nake yi, amma tun da na yi fama da rikicewar al'ada na koya wa kaina wata ɗabi'a. Kafin in karanta abin da shafi ya ce, sai na gangara can ƙasa na ga na wane ne. Idan ba sunan hukuma ko asibiti ko ƙungiyar likitoci, ba sunan wanda ya rubuta da wanda ya duba, na fita. Bayan nan sai in duba ko akwai abin sayarwa. Wannan ya fi komai tona asiri. Wanda zai ci riba idan kin tsorata, ba zai taɓa ce miki "wannan ba komai ba ne, zai wuce da kansa" ba.

Kuma kada ku ɗauka ƙananan masu talla ne kawai. A 2018 kamfanin Goop na Amurka, na fitacciyar 'yar fim Gwyneth Paltrow, ya biya dala 145,000 don sasanta ƙarar da masu gabatar da ƙara na wasu gundumomin jihar Kalifoniya suka kai shi, saboda ya tallata wasu duwatsu masu siffar ƙwai da ake sa wa a gaba, da iƙirarin suna daidaita al'ada da sinadaran jiki, alhali ba hujja. Shafi ne mai kyan gani, mai miliyoyin mabiya.

Inda na fi zuwa: shafin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da shafin NHS, hukumar kiwon lafiya ta Birtaniya, da MedlinePlus na ɗakin karatun likitanci na gwamnatin Amurka, wanda ba ya ɗaukar talla ko ɗaya. Abin da ya sa nake son na NHS, a ƙasan bayanin za ki ga ranar da aka yi masa bita ta ƙarshe da ranar da za a sake yi. Kwanan wata ba ƙaramin abu ba ne. Da can ana cewa awon ciki sau 4 ya wadatar, a 2016 WHO ta mayar da shi aƙalla sau 8, na farko a cikin mako 12 na farko. Idan kika faɗa kan tsohon rubutu, tsohuwar shawara za ki ɗauka ba ki sani ba.

A Google kuma ku lura, sakamakon da ke fitowa a sama wasu lokuta talla ce, akwai 'yar alama a jikinta. Kuɗi suka biya suka hau sama. Adireshin da ya ƙare da .org ma kowa na iya sayensa.

Maman Biyu:
Malama na gode. Amma ita fa wannan matar farar riga ce a jikinta, kuma akwai shuɗiyar alamar nan ta tantancewa a gefen sunanta. Abin da ya ruɗe ni ke nan.

Ɗalibar Likitanci:
Yaya, farar riga kowane tela zai ɗinka, abin sauraren ƙirji kuma a kasuwa yake. Shuɗiyar alamar ma yanzu ana biyan kuɗin wata a samu a X da Facebook da Instagram, ba ta nuna mutum ya karanci likitanci. Likitan gaske yana da cikakken suna, da fannin da ya ƙware, da rajista a hukumar da ke ba da lasisi a ƙasarsa. Kuma ko likitan gaske ne, ki duba ko a fanninsa yake magana. Abu ɗaya da na lura da shi: likitocin kirki da ke bidiyo suna yawan cewa "ya danganta" da "sai an duba ki". Mai cewa "ɗari bisa ɗari, cikin kwana uku" ba a asibiti ya koyi magana ba.

Mai Haƙuri:
Ku yi haƙuri, ni ban yarda da yadda maganar take tafiya ba, kamar dai asibiti ne gidan gaskiya, intanet kuma gidan ƙarya. Ni intanet ce ta cece ni.

Tun ina shekara 15 nake ciwon mara irin wanda sai na kwanta a ƙasa na naɗe, ina amai, wani lokacin har na suma. Shekara tara ina zaryar asibiti. An ce mini haka mata suke. An ce raki ne. An ce in na haihu zai daina. Wata ma'aikaciya ko ɗago kai ba ta yi ba, ta rubuta maganin kashe zafi ta miƙo mini takardar ta kira na gaba. Ranar a bakin ƙofa na zauna na yi kuka. A wani zaure na mata marasa lafiya na fara ganin kalmar endometriosis, wato ciwon da nama irin na shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a wajen mahaifar. Wata ta bayyana ciwonta, na karanta kamar ni na rubuta: ciwon da ke farawa kafin jini ya zo, zafi wajen bayan gida lokacin al'ada, zafi wajen kwanciya. Ita ba likita ba ce, ba ta da shafin hukuma, ba kwanan wata a ƙasan rubutunta. Da dokokin Malama na bi da na wuce ta. Daga baya na gani a shafin WHO cewa kusan kashi 10 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa suna da shi, wajen mata miliyan 190 a duniya. Miliyan 190, amma shekara tara ba wanda ya ambata mini sunansa.

Mata ba don wauta suke bin masu bidiyo ba. Mai bidiyo tana sauraronki, tana amsa saƙonki ƙarfe ɗayan dare, ba ta harararki. In ana so mu daina zuwa wurinsu sai a gyara yadda ake karɓarmu.

Anti Ungozoma:
'Yata, ba zan kare abin da aka yi miki ba. Laifinmu ne mu ma'aikata, kuma na ji kunya da na karanta. Ciwon al'adar da zai hana mace makaranta ko aiki ba "haka mata suke" ba ne. Allah ya ba ki lafiya.

Ɗalibar Likitanci:
Yaya Mai Haƙuri, maganarki gaskiya ce, kuma jinkirin gano wannan ciwon abu ne sananne a duniya, mata da yawa sai sun yi shekaru. Amma ina so ki faɗa mana, bayan kin ga sunan, me kika yi?

Mai Haƙuri:
Na rubuta ranakun ciwon na wata uku a littafi, da inda yake kama ni, da maganin da na sha da yadda bai yi aiki ba. Na nemi likitan mata, na ajiye littafin a gabansa na ce ina zargin abu kaza. Ya karanta, aka yi hoto, daga baya aka yi ƙaramin aikin nan da ake zura kyamara ta cibiya, aka gani.

Ɗalibar Likitanci:
To kin ga. Waccan baiwar Allah sunan ciwon ta ba ki, ba kwalba ta sayar miki ba. Kika ɗauki sunan kika tabbatar a shafin WHO, kika tara hujjarki, kika kai inda za a iya leƙa cikin. Ita Maman Biyu an ba ta suna da magani da lambar asusu a numfashi ɗaya. Labarin wata mace yana da amfani ƙwarai wajen sanin tambayar da za ki yi. Inda yake cutarwa shi ne wajen magani, domin wadda ta sha ta warke ita ke dawowa ta yi sharhi, wadda ta sha ta kwanta a gadon asibiti ba ta da ƙarfin rubutu, in ma ta rubuta mai shafin za ta goge.

Akwai wani tarkon da ko jaridun kirki suna faɗawa, shi ne na alƙaluma. A 1995 hukumar da ke lura da magunguna a Birtaniya ta yi gargaɗi cewa wasu sababbin ƙwayoyin tazarar haihuwa suna ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya sau biyu. Mata suka firgita, da yawa suka daina sha rana ɗaya, cikin da ba a shirya ba ya ƙaru. Ninkin kuwa daga mace 1 cikin 7,000 ne zuwa mace 2 cikin 7,000. Ba ƙarya aka yi ba, amma ba a faɗi daga nawa zuwa nawa ba, kuma shi kansa juna biyu ya fi ƙwayar kawo wannan haɗarin. Tun da aka koya mana wannan a aji, duk inda na ga "ya ninka haɗari" sai na nemi ainihin adadin. Haka "bincike ya nuna". Wane bincike, a kan mutum nawa, mutane ne ma ko ɓeraye? Akwai ƙungiyar Cochrane, tun 1993 aikinta shi ne tattara duk binciken da aka yi kan tambaya ɗaya ta auna su tare, kuma tana rubuta taƙaitawa cikin sauƙin harshe don wanda ba likita ba.

Hajiya Babba:
'Ya'yana ina ta bin ku a hankali. Ni tambayata, su magungunan likitocin ba su taɓa cutar da mata ba ne? Na taɓa jin wani magani da aka ba masu ciki a Turai aka haifi yara ba hannu ba ƙafa. To in masu ilimin ma suna kuskure, me ya sa za a ce su kaɗai za a saurara?

Malama:
Hajiya gaskiya kuka ji, ya faru. Sunansa thalidomide. Wani kamfani a Jamus ta Yamma ya fitar da shi a 1957, ana ba da shi don barci da laulayin ciki, ana tallarsa a matsayin marar illa. Yara fiye da 10,000 aka haifa da nakasa kafin a janye shi a 1961. A Amurka wata likita a hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu a sayar da shi, ta ce hujjar da kamfanin ya kawo ba ta gamsar da ita ba, duk da matsin da suka yi mata.

Abin da nake ɗauka daga labarin, Hajiya, an gano ɓarnar ne saboda akwai likitocin da suke rubuta abin da suka gani, suka lura yaran da ake haifa haka iyayensu magani ɗaya suka sha. Aka janye shi, aka tsaurara dokokin gwajin magani. Ita mai kwalbar Maman Biyu, wa yake ƙirga matan da ta cutar? Ba a san abin da ke cikin kwalbar ba ma, balle a janye ta. Kalmar "na ganye ne zalla" ba ta sa abu ya zama marar illa ga ɗan tayi.

Anti Ungozoma:
Ƙari a kan na Malama, ga shawarar da aka gwada ta tabbata: folik asid, maikirogiram 400 kullum, tun kafin a ɗauki ciki har zuwa mako 12. Yana rage haihuwar jariri da buɗaɗɗen ƙashin baya. Dalilin farawa da wuri, wannan sashen na jikin jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace da yawa ba ta ma san tana da ciki ba. Ƙwaya ce 'yar ƙarama marar kwalliya, shi ya sa ba za ki ga ana yi mata bidiyo da kiɗa ba.

'Yar Auta:
Antocina ni gaskiya na daina Google, manhajar ƙirƙirarriyar basira nake tambaya, tana ba ni amsa a tsare ba talla. Kuma ina da manhajar lissafin al'ada, ita take gaya mini ranar da ƙwai zai fita. Wata takwas da aurena muna neman ciki, kullum rana ta 14 take nuna mini, har yanzu shiru. Al'adata kwana 34 ko 35 take yi. Akwai matsala ne?

Anti Ungozoma:
Ƙanwata kwantar da hankalinki. Daga kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ne. Amma ki duba saitin manhajar, da alama lissafin mai kwana 28 take yi miki. Ƙwai yana fita ne wajen kwana 14 kafin al'ada ta gaba, ba kwana 14 bayan wadda ta wuce ba. Mai kwana 35 nata yana faɗawa wajen rana ta 21. Kin ga mako guda kuke kuskurewa. Maniyyi yana iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace, ƙwai kuwa bai wuce kwana ɗaya ba, don haka kwanakin da suka gabaci fitarsa su ne masu muhimmanci. Ba a kiran abu rashin haihuwa sai an shekara ana nema, in mace ta haura 35 kuwa wata shida. Idan lokacin ya yi ku je tare da maigidan, shi ma a gwada shi. Ki fara folik asid tun yau.

Ɗalibar Likitanci:
Game da ƙirƙirarriyar basira, ni ma ina amfani da ita, tana da kyau wajen fassara miki kalmar da likita ya rubuta ko shirya tambayoyin da za ki tafi da su. Amma da murya ɗaya take faɗin daidai da kuskure. Na taɓa ce wa wata ta ba ni binciken da ta dogara da shi, ta ba ni suna da shekara da mujalla, na shiga PubMed, rumbun binciken likitanci na intanet, na nema sama da ƙasa babu shi. Idan ta faɗi abu, ki ce ta ba ki shafin, ki buɗe ki gani da idonki. Adadin magani kuwa kada ki taɓa ɗauka daga wurinta.

Sannan ki san me kike zuba wa manhajar al'ada. A 2021 hukumar FTC ta Amurka, mai kare haƙƙin masu sayayya, ta zargi manhajar Flo da miƙa bayanan lafiyar masu amfani da ita ga kamfanoni irin su Facebook da Google bayan ta yi alkawarin sirri, har aka yi sulhu a kai. Ki shiga saiti ki kashe duk abin da ba dole ba.

Ummu Uku:
Salam, ku yi haƙuri na katse ku. Cikina mako 33. Tun jiya kaina ke sarawa, na sha farasitamol bai sauka ba, yau kuma ina ganin wasu ƙyalli-ƙyalli a idona, zobena ya ƙi fita, fuskata ta yi fam. Na duba wani shafi ya ce kumburi a ƙarshen ciki ba komai ba ne, a ɗaga ƙafa a huta. Awona sai mako mai zuwa. In jira?

Anti Ungozoma:
Ummu Uku kada ki jira. Ki tashi yanzu ki tafi asibitin da ke karɓar haihuwa, ki ɗauki katin awonki, wani ya raka ki, kada ki tuƙa mota. Kina isa ki ce a auna jininki a gwada fitsari, ki faɗa musu ciwon kai da ƙyallin ido da bakinki, kada ki zauna a layi ki yi shiru. Kumburin ƙafa kaɗai shi ne wanda shafin yake nufi. Kumburin fuska da hannu tare da ciwon kai da canjin gani bayan mako 20 alamun hawan jinin masu ciki ne, kuma yana iya juyewa jijjiga ba sallama. Ajiye wayar ki tafi.

Uwar Zaure:
Don Allah kowa ta dakata da ba ta wata shawara. Na kira ta, maigidanta ya fito da mota, sun kama hanya. Mu sa ta a addu'a.

Mai Haƙuri:
Allah ya sauke ta lafiya. Jikina har rawa yake. Na koma na duba irin shafukan nan, na ga bambancin da ban taɓa lura da shi ba. Na NHS a kan kumburin masu ciki ya ce yawanci ba komai ba ne, amma nan take ya ware wuri ya ce in kin ga kaza da kaza ki kira asibiti yanzu. Wanda ta karanta rabin farko kawai ya kwafa.

Hajiya Babba:
Allah ya ba ta lafiya, ya raba su lafiya. Tunda muna jira, bari in sauke nawa nauyin. Makon jiya an turo mini saƙon murya, wani mutum yana rantsuwa cewa allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa da ake yi wa 'yan mata tana kashe ƙwayayen haihuwa. Na tura wa zaure huɗu, kuma na hana a yi wa jikata mai shekara 11. Yanzu zuciyata ba ta kwanta ba.

Ɗalibar Likitanci:
Hajiya, tsoron da kuka ji na kaka ne mai son jikarta, ba wanda zai ga laifinku. Amma ku sake sauraron saƙon: ya faɗi sunansa? Ya faɗi inda yake aiki, ko inda abin ya faru, ko yaushe? Rantsuwa ya ba ku a madadin hujja, ya ƙare da "ku tura wa kowa".

Ga abin da aka sani. Kusan duk sankarar bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ce ke kawo ta, nau'i biyu kaɗai, 16 da 18, su ke da wajen kashi 70 cikin 100. Masanin da ya gano wannan alaƙa, Harald zur Hausen na Jamus, ya samu kyautar Nobel a 2008. Rigakafin tun 2006 ake yin sa, an yi wa miliyoyin 'yan mata, da yawansu yanzu iyaye ne. Kwamitin WHO mai sa ido kan illolin rigakafi ya duba zargin hana haihuwa bai samu alaƙa ba. A Ingila, binciken da mujallar Lancet ta buga a 2021 ya nuna sankarar ta ragu da kashi 87 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka yi wa suna shekara 12 zuwa 13. Ita cutar kuwa a 2022 ta kama mata kusan 660,000 a duniya, ta kashe wajen 350,000, kuma maganinta in ta yi nisa shi ne yake raba mace da mahaifarta. Ana yin allurar tsakanin shekara 9 zuwa 14 ne don ta fi aiki kafin a haɗu da ƙwayar cutar. Jikarku tana cikin lokacinta.

Hajiya Babba:
Na ji, 'yata. Zan kira uwarta yau. Kuma zan koma zaurukan nan huɗu in ce na janye, tunda ni na kai. Ki rubuto mini bayanin nan a gajarce yadda zan tura.

Maman Biyu:
Ni abin da ya rage mini shi ne harshe. Duk shafukan da Malama ta ambata da Turanci suke. Masu sayar da kwalba kuwa da harshenmu suke magana, da muryar da ke shiga rai. Wadda ba ta jin Turanci fa?

Malama:
Nan ne ciwon yake. WHO da harsuna shida take aiki, Larabci da Turanci da Faransanci da Sifaniyanci da Rashanci da Sinanci, don haka mai jin Larabci ko Faransanci tana da ƙofa. Fassarar na'ura tana taimakawa a fahimci jigon magana, amma tana tuntuɓe a sunayen gaɓoɓi da adadin magani, na ga inda ta mayar da bakin mahaifa wuya. Abin da nake yi wa yayata, in buɗe shafin in karanta mata, in yi mata saƙon murya, in faɗi daga inda na ɗauko da ranar da aka duba shi, kuma ba na tsallake wurin da ya ce a je asibiti. Idan Uwar Zaure ta yarda, mu da muke iyawa mu riƙa yin haka a nan, Anti tana saurara kafin a saki.

Uwar Zaure:
Na yarda. Daga yau kuma duk saƙon lafiyar da aka turo ba a san mai shi ba zan cire, haka duk tallar magani. Wadda ke jin nauyin tambaya da sunanta ta turo mini ta gefe, zan sa ba suna.

Yanzu mijin Ummu Uku ya kira. Jininta 165 bisa 110, an samu furotin a fitsari. An kwantar da ita, an sa mata maganin saukar da jini da allurar hana jijjiga. Bugun zuciyar jariri lafiya. Sun ce za su riƙe ta su ga yadda jinin zai yi kafin su yanke shawarar ranar haihuwa.

Anti Ungozoma:
Alhamdu lillah. Allurar nan magnesium sulphate ce, za ta ji zafi ya game mata jiki, a gaya mata kada ta tsorata. Uwar Zaure ki faɗa wa mijin, ko bayan ta haihu an sallame su a ci gaba da auna jinin, domin yana iya tashi har mako shida bayan haihuwa. In ciwon kan ya dawo ko idon ya sake yin haka, su koma a daren, kada su jira gari ya waye. Zan kira ta da safe in sha Allah.